Farantai Uku a Kan Kwanon Hajiya Alima

Talata, 17 ga Yuni, bayan la'asar

Jiya aka yi sadakar bakwai ta matata. An naɗe tabarmi, an mayar da kujerun haya, kowa ya koma harkarsa. Haka ya kamata, ba na jin haushin kowa a kan wannan.

Ɗakin ya yi girma. Shekara goma sha tara ina cewa ɗakin nan na Ayigya ya yi mana kaɗan, ina yi mata gorin ɗakunanmu na Dogon Dutse. Yau ga ni ina karakaina a cikinsa kamar tsakuwa a gwangwani.

Firizarta na baranda da kwaɗo a jiki, tana gurnani yadda ta saba. Farantan sola uku na bisa kwano suna shan ɗan abin da ranar Kumasi ta ga damar bayarwa. Ba wanda ya gaya musu komai. Makullin kwaɗon yana cikin jakarta ta hannu, wadda aka miƙo mini a ƙofar asibiti. Ban buɗe jakar ba.

Yaya Ikrama ya kira daga gida. Ya ce, "Seini, me ya rage maka a Kurmi? Ka tattara ka dawo. Kuma ka taho da solar nan, Inna da mafici a hannu take kwana." Na ce to. Abin da ya fi sauƙin faɗa ke nan.

Alhamis, 19 ga Yuni, da hantsi

Abdul-Fatawu, ɗan Hajiya Alima mai gidan nan, yana zagayen ƙofofi yana karɓar kuɗin wuta. Ya zo daidai tawa ya rage murya, ya ce, "Baaba Seini, ya haƙuri?" ya wuce. Shekara biyu ke nan ba ya tsayawa a nan.

Mita ɗaya gidan ke da shi, ɗaki goma sha ɗaya, kuma da poyin ake raba kuɗin. Ƙwan fitila poyin ɗaya, fanka ɗaya, talabijin biyu, dutsen guga uku in an kama ka da shi. Da ta sayi firiza don burkinarta, damun gero da madara mai sanyi, da sobolo, wato zoɓo, suka zauna suka yanke mata takwas. Takwas! Sai muka wayi gari kusan kashi ɗaya cikin uku na wutar gidan a wuyanmu yake, ga dumso, a ɗauke wuta tun safe sai dare, madara ta lalace, ta zubar a kwata tana cije leɓe. Shi ya sa ta shiga susu, adashin nan garin, shekara biyu ba fashi, ni na ƙara da ribar albasa, muka haɗa sidi dubu goma sha tara muka kira Rafiu na Suame ya kafa mana sola.

Watan da muka fita daga mita, kuɗin kowa ya tashi. Ashe firizar ba ta taɓa cin takwas ba, mu muke ɗauke musu kaya. Maza suka taru a ƙofar masallaci suka yi magana ɗaya: ba wanda zai sa ko cajin waya a wutar ɗan Nijar. Ni ne ɗan Nijar ɗin. Na girmi rabinsu zama a unguwar nan.

In zan yi adalci, wanda aka daɗe ana ɗaukar masa kaya, ranar da aka sauke masa shi a ka ba zai ce na gode ba. Na san wannan. Sanin bai rage mini komai ba.

Juma'a, 20 ga Yuni, bayan masallaci

Har yau ban buɗe jakar ba.

Lahadi, 22 ga Yuni, da yamma

Samiratu, matar Abdul-Fatawu, ta kawo mini tuwo da miyar ayoyo. Wannan ne karo na uku. Ta durƙusa ta gaishe ni, bakinta na yi mini ta'aziyya, idonta na kan firiza. Da ta tashi har ta ɗan dafa murfin, wai zaninta take gyarawa.

Ba ita kaɗai ba. Matar tela ma jiya, da matar direban nan na ɗakin ƙarshe. Kowacce ta zo gaisuwa sai ta tsaya a baranda ta karkata kai kamar mai sauraron kiran salla daga nesa.

Ko arba'in ba a yi ba. To, kaya ne, kaya kuwa da ido ake fara rabonsu.

Tuwon ya yi daɗi. Wannan ma gaskiya ne, na rubuta.

Talata, 24 ga Yuni, bayan azahar

Na koma rumfata a kasuwar Race Course. Albasa ba ta san zaman makoki ba, buhu biyu sun fara tsiro. Matan Asante masu saye a hannuna suka kewaye ni suna "due, due," ta'aziyyarsu ke nan, ɗaya har da hawaye, sannan ta nemi ragi. Na rage mata.

Direban da ke kawo mana kaya daga gida ya ce motarsa za ta juya wajen ashirin da biyu ga watan gobe, bayan arba'in da kwana biyu. Babu kaya sai buhunan goro kaɗan. Ya ce akwai wurin mutum ɗaya da farantai uku.

Juma'a, 27 ga Yuni, da safe

Kowace Juma'a takan sa ni hawa tsani in wanke farantan. Ta tsaya a ƙasa da bokiti tana ba da umarni: "Malam, na hagun, tsuntsu ya yi aikinsa." Nakan ce mata ni ɗan kasuwa ne, ba ƙadangare ba.

Yau na hau. Ba wanda ya riƙe tsanin. Na wanke na hagun sau biyu.

Lahadi, 29 ga Yuni, bayan la'asar

Na je Suame wurin Rafiu. Na same shi cikin tulin batura da wayoyi, yana cin kenke da hannu ɗaya yana auna wani abu da ɗayan. Na ce ina so ya zo ya kwance abin da ya ɗaura.

Ya ajiye kenken. "Massa Seini, ka sayar ne ko ka tafi da shi?"

Na ce ya faɗa mini duka biyun.

Ya ce in sayarwa ne, da ƙyar in ga dubu shida. Farantai sun yi araha yanzu, sababbi sun cika kasuwa, wa zai sayi na hannu? Baturan kuwa shekara biyu suna jan firiza, saura musu shekara ɗaya in an lallaɓa. In tafiya ne, ga kuɗin kwancewa, ga akwatin katako, ga shingayen hanya daga iyakar Paga zuwa can, kowane mai kaki sai ya ga gilashi ya ga abinci. "Kuma rami ɗaya ya ishe ka, Massa. Ka kai wa tsohuwa fasasshen madubi."

Na tuna masa ranar da ya zo da bakinsa mai zaƙi, yana cewa shekara huɗu kuɗinmu zai dawo, daga nan wuta kyauta sai ranar da rana ta gaji. Ya ce, "Ai ban yi ƙarya ba. Rabin hanya kuka yi."

Rabin hanya. Bai san abin da ya faɗa ba. Da ya ga fuskata sai ya shiga neman murfin kwanonsa.

Bai yi ƙaryar ba kuwa. Tun da aka kafa, madara ba ta sake lalacewa ba, ɗaliban jami'a har layi suke yi da rana don sanyin kwalbarta, kuma abin da muke zuba wa mita ya zama nata. A lokacin an ce akwai tallafin gwamnati ga masu sa sola, har an ce wanda wutarsa ta yi rara zai iya tura wa kamfani. Na bi sawu na wuni biyu. Duk inda na je sai a ce ina takardar gida, ina mita mai sunanka. Ɗan haya, baƙo kuma. Na dawo na gaya mata, ta yi dariya ta ce, "Rana dai ba ta tambayi takardarka ba."

Mun yi da Rafiu zai zo ran Litinin bayan arba'in.

Talata, 1 ga Yuli, da asuba

Hadari kwana uku, inbatar solar na ƙara tun kafin kiran farko. Batura sun yi ƙasa. Matata ce ta san abin da take kashewa da abin da take bari. Na kashe fanka da fitila na zauna a duhu, firiza ta ci gaba.

Me nake sanyayawa? Kwalaben da ba mai sayarwa.

Alhamis, 3 ga Yuli, bayan isha

Labari ya riga ni isowa gida, kamar kullum. Abdul-Fatawu ya tare ni a bakin famfo.

"Baaba Seini, na ji wai za a sauke abin nan."

Na ce nawa ne.

"Ba a ce ba naka ba ne. Amma kwanon na wa ne? Rafiu ya huda shi wuri nawa? Damina ne fa. Kuma ka san ƙa'idar Zango, abin da aka buga wa ƙusa a jikin gida, na gida ne. Mai tafiya ya ɗauki abin da ke motsi."

Na ce, "Shekara biyu wutar ɗan Nijar haramun ce, yau ƙusarta ta zama halal?"

Ya ce kada in sa addini a ciki. Na ce shi ya fara sa ƙusa. Tela ya leƙo, direba ya leƙo. Matan kuwa duk sun fito bakin ƙofofinsu, sun yi tsuru-tsuru, kamar ni zan cinye su.

Maganar yoyo gaskiyarsa ce. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubar masa. Ƙa'idar ma ba shi ya ƙirƙiro ta ba, na ga an yi wa wani da ƙofar ƙarfe a Aboabo, kuma a ranar ni ma cewa na yi daidai ne.

Amma ba shi ya tashi da asuba shekara biyu yana dama gero ba.

Asabar, 5 ga Yuli, da rana

Na shiga gaida Hajiya Alima. Tsufa ya zaunar da ita, amma kunnenta na yawo ɗaki ɗaki. Na kawo maganar, ta ce, "Ɗana, a bari a yi arba'in. Kafin nan ba a taɓa komai nata, ba a tambayi komai nata ba." Na ce ɗanki ya riga ya tambaya. Ta ce, "Fatawu jaki ne, ubansa ma haka yake, Allah ya jiƙansa." Ta ba ni goro. Ba ta ce nawa ne ba, ba ta ce nasu ne ba.

Lahadi, 6 ga Yuli

Yaya ya sake kira. Ya riga ya gaya wa duk garin cewa wuta na zuwa gidanmu.

Talata, 8 ga Yuli, da safe

Na fito na tarar Abdul-Fatawu a tsakar gida da wani mai gyaran kwano, suna nuna rufin ɗakina da baki.

Na koma ciki na kashe inbata. Ɗan koren hasken ya mutu. Firiza ta yi wata ajiyar zuciya ta yi shiru.

Ban san gidan nan yana da shiru irin wannan ba. Ni da zan tafi, su da za su gada, kowa ya huta. Su ci ƙusarsu.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan magariba

Zan rubuta yadda ya faru, don kaina bai gama ɗauka ba.

Wajen azahar ina rumfa ina ware ruɓaɓɓiyar albasa, sai ga Samiratu. Ba ta taɓa zuwa Race Course wurina ba. Ta sauko daga motar haya, trotro, da goyo, takalminta duk taɓo, ta tsaya tana murza bakin mayafi. Na zaci Hajiya ce ta cika.

Ta durƙusa a cikin ɓawon albasa. "Baaba, kafara. Firiza ya yi shiru."

Na ce na sani, ni na kashe.

"Baaba, tun jiya ya yi shiru."

Na ce to, sai me? Mijinki ne ya aiko ki ki duba masa gadonsa?

Sai ta fashe da kuka. Mutanen Kumasi ba sa raba mace da namiji a magana, komai "ya" ne, na daɗe da daina gyara musu. Ta ce, "Anti Ayishatu ya ajiye mana nama. Naman Salla. Duka gidan, Baaba. Nawa, na Mma Basma matar tela, na ɗakin ƙarshe, har na Hajiya. Yana ciki."

Na ce wane nama?

Ta ce tun Sallar bara suke yi. Mai rago ba ya iya soye shi duka a kwana biyu, ga tsadar mai, ga dumso. Sai matata ta ce su riƙa kawowa in maza sun tafi masallaci, kowacce ta ɗaure ledarta da ƙyallen zaninta don kada a rikice. Ba nama kaɗai ba, kifi, miyar biki, har maganin yaron direba da aka ce a sa a sanyi, shi a kular ƙanƙara take sa musu. Wayoyinsu ma a bayan buhun geronta suke caji. Ba ta taɓa karɓar ko pesuwa ba. Abin da ta ce kawai, kada maza su ji, nasu da nata.

Nata. Ni ke nan.

Na ce, "To ranar jana'iza da liman ya tambaya, duk wanda ke da wani abu a hannunta ya faɗa, me ya sa aka yi shiru?"

Ta ɗago ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa ruwa ke jiƙa mutum. "Baaba, maza aka tambaya."

Haka ne. A maƙabartar Tafo maza ne suka tsaya sahu. Abdul-Fatawu na kusa da ni, da hannunsa ya karɓe ta ya miƙa cikin rami, ya ce ba ta riƙe musu komai ba, cinyar ragonsa na kwance a barandata.

Ta ce sun yi shawara su jira arba'in. Wace mai kunya za ta je wurin mutumin da ke cikin wannan hali ta ce ba ni namana? Sai suka riƙa zuwa gaisuwa suna saurare. In sun ji gurnani, hankalinsu ya kwanta.

Ni kuwa na rubuta abin da na rubuta ran Lahadi ashirin da biyu. Ba zan yage ba. Ya zauna a wurin in riƙa gani.

Na bar wa maƙwabcina rumfa, muka hau trotro ɗaya, ita a gaba ni a baya. Na kunna inbata kafin in cire takalmi.

Alhamis, 10 ga Yuli, da hantsi

Na buɗe jakar. Carbi, man zafi, katin asibiti, rabin goro da ya bushe. Makulli a ɗaure da igiyar shuɗin zani.

Na jira maza suka fita, na kira Samiratu ta kira sauran. Na buɗe kwaɗon na ja baya. Na sama ya ɗan saki, na ƙasa yana nan kamar dutse. Leda a kan leda, kowacce da ƙyallenta, atamfa mai ganye, mai tsuntsu, leshi ruwan goro na Hajiya. Zannuwan da nake gani a igiyar shanya kullum ban taɓa kula ba. Ba wadda ta yi gardamar na wata. Mma Basma ta ɗaga tata ta rungume, sanyin na ɗiga a rigarta, tana ta faɗin, "Ayi, Ayi."

A can ƙasa kwalabenta na burkina, jere, waɗanda ta dama ran jajibirin kwanciyarta.

Na ce kowa ta ɗauki nata. Ba wadda ta motsa. Samiratu ta ce, "Mu kai ina, Baaba? Wuta ya tafi tun safe."

Na mayar da murfin. Kwaɗon na sa a aljihu.

Asabar, 12 ga Yuli

Ayishatu. Tun da na fara rubutun nan ban sa sunan da bakina ba, sai a bakin wata. Ayishatu.

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan la'asar

Abin da mata shida suka buɗe da rana ba ya kwana uku a ɓoye. An yi hayaniya a ɗakin tela, an yi a ɗakin ƙarshe. Na ji muryar Hajiya ta ratsa gidan: "Wanda bai ci miyar ba ya fito ya yi faɗa!" Ba wanda ya fito.

Ɗazu Abdul-Fatawu ya yi sallama. Bai shigo ba, ya tsuguna a bakin baranda, ya ba firiza baya.

"Baaba Seini, maganar kwano. Ka sauke kayanka. Ni zan toshe hudojin da kuɗina."

Na ce ina ƙa'idar Zango?

Ya sosa ƙeya. "Ƙa'ida na nan. Amma mutum ba ya cin naman da aka ajiye masa Salla biyu, sannan ya riƙe tukunyar."

Na ce ai ba ka sani ba. Ya ce, "Na san miya na daɗi a watan da ban sayi nama ba. Ban tambaya ba."

Na so in ƙara masa ɗaya. Tana bakina. Na haɗiye, don ni ma na ga wayoyi bakwai a bayan buhun gero wata rana, ta ce mini na masu sayen burkina ne, ban ƙara tambaya ba.

To ga shi, farantai nawa ne, ba mai jayayya. Na yi zaton zan ji daɗi.

Talata, 15 ga Yuli, da asuba

Inna na da shekara tamanin da wani abu. Zafin Dogon Dutse ba irin na nan ba ne, na san shi, a jikina na girma da shi. Haƙƙinta ne a kaina.

Amma ba ni kaɗai na tara kuɗin nan ba. Kashi biyu cikin uku guminta ne, kuma ta riga ta nuna inda take so ya tafi, ta ɓoye mini ne kawai don ta san halina. Na yi ta juya abin har aka kira salla. Duk ta inda na auna, wani zai kwana cikin zafi.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan azahar

Na koma Suame. Na ce wa Rafiu Litinin ta fasa. Na sayi ƙaramin faranti wanda mutum zai rungume da hannu ɗaya, da fanka mai batir a ciki da ƙwai biyu. Ya ce wannan ko a kan cinya aka riƙe zai isa lafiya. Ya rage mini ba tare da na nema ba, ya naɗe shi da tsohon bargo.

Na kira Yaya na gaya masa. Ya ce, "Wato Gwanjawan Kumasi sun fi uwarka." Na ce ba haka ba ne. Ya ce ya gaya wa mutane, yanzu da wace fuska zai fita? Na ce ya ce musu ƙaninsa ne ya saɓa, ba shi ba. Ya ce, "Kai kuma yaushe?" Na ce ban sani ba. Ya kashe.

Yana da gaskiyarsa. Kowa a cikin maganar nan yana da gaskiyarsa, shi ya sa ta gajiyar da ni.

Asabar, 19 ga Yuli, da yamma

Na ware kuɗin rago na sadakar gobe, Samiratu ta ce in mayar aljihu. Tun azahar suke fito da ledoji suna kwance ƙyallaye. Na ce wannan naman 'ya'yanku ne. Mma Basma ta ce, "Baaba, shiga ɗaki, nan ba wurin maza ba ne." A barandata.

Sun ce sun buɗe susu na batir, kowacce za ta riƙa zubawa duk Juma'a, kafin waɗannan su mutu an tara na sababbi. Samiratu za ta gwada damun burkina, in na yarda. Na ce firiza ba ta san hannun kowa ba.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan isha

An yi. Malamai sun sauke, an ci, an yi mata addu'a da Hausa da Dagbanci, wata tsohuwa har da Turancinta. Ɗaliban jami'a uku sun zo, ban san su ba, suka ce kullum a wurinta suke saye. Na fito da kwalabenta na raba, kowa ya samu kurɓi. Na bar ɗaya.

Ana idar da magariba aka ɗauke wuta. Ayigya duka ta yi baƙi, janareton masu kuɗi suka fara tari. Ƙwan barandata kaɗai ke ci. Na shiga na zaro doguwar wayar da take ja in za ta yi aikin asuba, na rataye ƙwan a igiyar shanya, tsakiyar gida.

Yara suka fara zuwa. Sai mata. Tela ya fito da rigar da yake wa maɓalli, ya zauna a gefe kamar hanya ce ta biyo da shi. Daga ƙarshe Abdul-Fatawu ya jawo tabarmarsa, kaɗan kaɗan, har ta shigo cikin hasken. Ya zaro waya daga aljihu, ya dube ta, ya dube ni.

Na nuna masa bayan buhun gero.

Ban ce masa poyin ɗaya ba. Allah ya sani na so in ce.

Talata, 22 ga Yuli, da hantsi

Mota ta tashi da goro da ɗan kunshin bargo. Na gaya wa direba ya riƙe shi a gaba, ya ce wa Inna ta sa fankar ta gefen ƙafa, kada sanyi ya kama mata ƙirji. Wurin mutum ɗayan wani Bazabarme ya samu.

Na dawo na tarar an share baranda. Firiza na gurnani. Na ciro kwalbar na ajiye a rana har ta narke, na zauna a kujerarta na sha.

Sukari ya yi yawa. Shekara goma sha tara ina gaya mata.